Saƙo Ya Tsaya, Furotin Yana Nan

Kwana biyu bayan na zuba siRNA, ɗan guntun RNA mai datse saƙon ƙwayar gado, a kan tantanin halittar da nake reno a ɗakin gwaje-gwaje, na auna mRNA, wato saƙon da ake ƙera furotin da shi, na ga ya ragu sosai. Murna ta kama ni. Da na duba furotin kuwa, yana nan daram, kamar ban taɓa komai ba. Na ɗauka aikin ya lalace.

Malamata ce ta zaunar da ni. Ta ce, "Ɗan aike ka tare a hanya, ba ka shiga gida ka kwashe kayan da aka riga aka kawo ba." Ƙwayar gado tana zaune cikin DNA, mRNA ne ke kai saƙonta inda ake ƙera furotin. Shi siRNA ɗan guntu ne mai harafi kusan 21. Yakan shige cikin furotin Argonaute, ya jagorance shi zuwa saƙon da ya yi daidai da shi, a datse saƙon. Amma furotin da aka ƙera tun kafin nan sai ya tsufa da kansa, wani ma yakan yi kwanaki. Na ƙara haƙuri na sake aunawa, sai ga shi ya fara dushewa.

Abin da ya fi ratsa ni shi ne, ba mu muka ƙirƙiro wannan dabara ba, a wurin tantani muka aro ta. A 1990, Richard Jorgensen da Carolyn Napoli sun ƙara wa furen petunia ƙwayar gadon launi don shunayyarsa ta ƙara turuwa, sai wasu furannin suka fito farare. Ina yawan tuna wannan: da sun zubar da furannin a matsayin kuskure fa? Sai a 1998 Andrew Fire da Craig Mello suka nuna a jikin tsutsar C. elegans cewa RNA mai igiya biyu ne ke sa ƙwayar gado ta yi shiru, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2006.

Yanzu ba na yarda da awo ɗaya. Ina duba saƙo, in duba furotin, in kuma gwada wani siRNA na daban, don siRNA yakan kama saƙon da ba shi aka nufa ba. Shirun ma ba na dindindin ba ne. Patisiran, maganin siRNA na farko da Amurka ta amince da shi a 2018, yana hana hanta ƙera furotin transthyretin, kuma duk bayan mako uku sai an sake ɗura wa majiyyaci ta jijiya.