Godiya bayan an sallamo Hamma

Alhamdulillah, jiya aka sallamo Hammanmu daga asibitin koyarwa na nan Gombe, da ƙafarsa ya shigo gida.

Da yawa kun san yadda abin ya faro, zazzaɓi mai zuwa da yamma, zufa cikin dare har sai Adda ta canja zanin gado, mutum yana ta ramewa, yau a ce maleriya gobe a ce taifot, duk maganin da aka sayo a kemis sai ya lafa kwana biyu ya dawo. Ashe ciwon a zuciya yake. Wata ƙwayar cuta ce da ke zaune a bakin mutane lafiya lau, Cardiobacterium sunanta, ta bi ta dasashinsa mai zubar jini ta shiga jini ta je ta maƙale a bawul ɗin zuciya (ƴar ƙofar da ke hana jini komawa baya), wanda dama ya ɗan lalace tun ciwon gaɓoɓi da ya yi yana yaro.

Godiyata ta farko ga wani matashin likita, wallahi yaron nan ya san aikinsa. Ya sa abin sauraro a ƙirji ya daɗe shiru, ya juya hannun Hamma yana duba ƴan jajayen layuka a ƙarƙashin farce, sai ya ce kada a ƙara ba shi ko ƙwaya ɗaya ta antibayotik sai an ɗebi jini sau uku an kai lab. Bappa har ya fara faɗa, wai mutum na kwance ana jan lokaci. Su ma ƴan lab Allah ya saka musu, irin wannan ƙwayar ba ta saurin tsirowa a kwalbar gwajin jini, haƙurinsu ne ya kamo ta, hoton eko, wato sikanin zuciya, kuma ya nuna ɗan curin da ta yi a jikin bawul.

Sati 4 ana ɗura masa antibayotik ɗin ceftriaxone ta jijiya, hannu duk ya yi tabon kanula, amma bai kai ga tiyata ba. Nas-nas na ɗakin maza mun gode.

Ƴan majalisarsa na Jekadafari da suka haɗa kuɗin allura, Goggo da ke aiko fura tun daga Kumo, jama'ar masallacinmu, Allah ya biya ku.

Likita ya ce nan gaba ko haƙori za a cire masa sai ya faɗi cewa ya taɓa wannan ciwon a ba shi magani tukuna. Masu zuwa dubiya don Allah a bari sai bayan la'asar, da safe barci yake.