Ƙararrawar Tiram a Santambul

Kwana uku ke nan da dawowata daga Istanbul, amma ƙararrawar tiram ba ta bar kunnena ba. Sarin kaya ne ya kai ni Laleli, unguwar da 'yan Kwari suka sani kamar yunwar cikinsu. Ranar farko wani ɗan tasi ya tsuga mini kuɗi a kan tafiyar da ƙafa ma za ta yi, ko kunya babu. Washegari na sayi katin Istanbulkart, na koma tiram, wato jirgin ƙasan da ke bin tsakiyar titi. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ga shi ba ciniki, ba rigimar canji irin ta 'yan adaidaita.

Wani dattijo mai shagon yadi ne ya buɗe mini ido. Ya zaunar da ni, ya aika aka kawo shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi har sau uku, na ciro kuɗi ya ɓata rai. A wajensa na ji cewa dawakai ne suka fara jan tiram a 1871, wani mutum na gudu a gaba yana busa ƙaho don a kauce. Da yaƙin Balkan ya ɓarke a 1912 sojoji suka kwashe dawakan, tiram ya tsaya cik, sai a 1914 aka koma lantarki. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne unguwar Shishli. Bayan gari ce a da, amma da layin dogo ya isa can sai masu hali suka bi shi da gine-gine. Na je na gani, benaye ne kafaɗa da kafaɗa.

Duk da haka a 1961 aka tumɓuke layukan ɓangaren birnin da ke nahiyar Turai, a 1966 na ɓangaren da ke Asiya, wai don motoci su sakata su wala. Cunkoso ya shaƙe garin, dole aka sake shimfiɗa dogo a 1992. Ina cikin tiram ina tuna yadda muke cakuɗewa a Kofar Ruwa da yamma, takaici ya ishe ni.

Tiram mai launin ja na titin Istiklal kuwa, wanda aka farfaɗo da shi a 1990, na 'yan yawon buɗe ido ne. Mai sauri a ƙafa zai riga shi. Na yi Juma'a a masallacin Sultan Ahmet, na ɗaure kayana, sai filin jirgi.