Sati na 9: farantin Rumawa ya fara yin ja

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyon ginin tukwane, kwana biyu kun ji ni shiru, ina nan ina fama da jan farantin nan da na ce muku zan kwaikwaya. Ga waɗanda suka same mu daga baya, shine wanda masu tonon kayan tarihi ke kira African Red Slip, a ƙasar Tunisiya ta yanzu aka riƙa yinsa zamanin Rumawa tun ƙarshen ƙarni na 1 har ƙarni na 7, ana lodawa a jiragen ruwa, shi yasa ake tsintar tsingaronsa a Masar da Sifen, har Tintagel can Ingila, har Jarma a saharar Libiya.

A 1972 wani masani John Hayes ya jera sifofin kwanukan ya ba kowanne lamba, ni lamba 61 nake bi, faranti ne mai shimfiɗaɗɗen gindi, bakinsa ya ɗan lanƙwaso ciki, na ƙarni na 4 zuwa na 5. Adon a tsakiya yake, rassan dabino a jere kamar hasken rana, tsakaninsu ƙananan zobba, zobe cikin zobe.

Jan nan ba fenti bane, yumɓu ne kawai da aka tace har ya koma kamar madara. Sau uku ina jiƙawa da ruwan rijiyarmu komai sai ya zauna a ƙasa, ruwan da ke samansa ya yi garau ba komai a ciki. Da na koma ruwan sama da na tara a bokiti na ɗan jefa kanwa kaɗan, wallahi washegari na duba gorar roban sai ga ta hawa uku, yashi a gindi, kauri a tsakiya, can sama kuma wani jan ruwa mai santsi, in ka sa yatsa ba ka jin ƙwaya ko ɗaya. Na saman nan shine abun nema, a hankali na zuƙe shi da ƙaramin tiyo.

Sai hatimin buga adon. Na fara sassaƙa na itace, duk bugawa sai ya manne ya ɗago yumɓun, ganyen dabinon ya dame. Ashe maginan zamanin Rumawa na yumɓu suke yi su gasa, an samu irinsu a El Mahrine, ɗaya daga manyan wuraren aikin a arewacin Tunisiya. Na yi nawa haka, tsawon babban yatsa, na zana jijiyoyin ganyen da allura na gasa, kuma da yake gasasshen yumɓu na shan danshi sai ya saki da kansa tsaf. Lokacin bugawa ma aiki ne, Inna da nake koyo a wajenta ta taɓa farantin da bayan hannu ta ce ɗan nan bari ya ƙara shan iska, sai ya yi taurin sabulu tukuna. Na bi maganarta, jijiyoyin suka fito ɗaya bayan ɗaya. Ku kula, in jan ruwan ya yi kauri cike zanen yake yi, tsoma farantin a ciki sau ɗaya ya isa.

Inda na fi shan wuya gashi ne. Na farko a fili muka gasa da kara da kashin shanu tare da tulunan Inna, duk inda wuta ta lasa ko toka ta kwanta sai baƙin tabo, a tulu wannan ba laifi bane amma a wannan farantin ya kashe aikin gaba ɗaya, raina ya ɓaci sosai ranar. Su magina na Tunisiya a wancan zamanin ba sa barin harshen wuta ya taɓa kayan, cikin wasu mazubai na yumɓu suke jera farantan sannan su ɗora a tanderu. Sai na samu tsohuwar tukunya na huda mata ƙananan ƙofofi don iska ta shiga, tunda iska ce ke sa ƙarfen da ke cikin yumɓun ya yi ja, na jera guda 4 ciki na kife da kasko.

Ɗaya ya tsage daga gindi, ina ga bai gama bushewa ba. Uku sun fito ja mai ɗan ruwan lemo ko'ina iri ɗaya, ba tabo, na daɗe ina juya su a hannu. Amma da na ƙwanƙwasa da farce ƙarar a dushe take, zafin bai kai ba, nasu yana kaiwa wajen digiri 1000 kuma wutar fili ba ta riƙe haka.

Don haka hatimin gicciye da tsuntsaye na ƙarni na 6 da na so farawa zai jira, sati mai zuwa bulon ƙasa zan fara bugawa na ƙaramin tanderu. Wanda ya taɓa gina mai ɗakin wuta a ƙasa kaya a sama, don Allah ya faɗa min faɗin da ya bar wa bakin wutar.