Na samu gurbi a Ingila, na rasa kuɗin zuwa

Ranar da saƙon ya shigo wayata, cikin watan Maris na 2023, ina tsaye a bakin wata gonar tumatir a Kadawa ana loda kwanduna a mota. Wata jami'a ce a Ingila ta ba ni gurbin digiri na biyu a fannin tattalin arzikin noma. Kafin magariba labari ya gama dangi. Inna ta yi sadakar waina, ƙannena suka fara lissafin tsaraba. Shafi na biyu na takardar kuwa sai bayan kwana biyu na zauna na karanta shi a tsanake. A nan aka rubuta kuɗin makaranta, sama da fam dubu 20 na shekara ɗaya, ban da haya da abinci, ga kuma kafin alƙalami da za a biya kafin su ba da lambar da ake neman biza da ita.

Ina cikin lissafi sai watan Yuni ya zo, aka saki farashin Naira. Dalar da ake saya kusan 460 a banki ta haura 750 cikin 'yan kwanaki, fam ma ya bi ta. Wani dare Baba ya kira ni zaure ya ce, "Idan gonar bakin rafi za ta isa, a sa ta a kasuwa." Na ce, "Baba, ko an sayar ba za ta kai rabi ba." Ya daɗe bai ce komai ba. Shirun nan nasa ya fi rasa gurbin yi mini ciwo, domin ni na jawo shi da rashin sani.

Abin da ban sani ba shi ne, ga wanda ya fita da sakamako mai kyau, samun gurbin digiri na biyu na shekara ɗaya a Ingila ba abu ne mai wuya ba. Ɗaliban waje suna biyan kuɗi mai yawa, jami'o'in kuma suna buƙatar kuɗin nan. Inda ake turereniya shi ne wajen masu ɗaukar nauyin karatu. Ni kuwa na ɓata wata shida ina zaɓen jami'a, na bar maganar kuɗi a ƙarshe. Tallafi ɗaya tak na nema a wancan zagayen na farko, na Chevening, wanda gwamnatin Birtaniya ke bayarwa tun 1983. A makon ƙarshe kafin a rufe, farkon Nuwamba, na cike fom ɗin. Suna neman rubutu huɗu, a lokacin kowanne bai wuce kalmomi 500 ba: kan shugabanci, kan iya ƙulla hulɗa da mutane, kan dalilin zaɓen darussan, da kan abin da mutum zai yi idan ya dawo. A dare biyu na rubuta duka. Ko kiran ganawa ban samu ba, kuma da na sake karanta abin da na aika, na ga ni ma da ni ne mai zaɓen ba zan kira mai wannan rubutun ba.

A zagaye na biyu na sayi littafin rubutu mai ganye sittin, na ware wa kowane mai tallafi shafi biyu: yaushe suke buɗewa, yaushe suke rufewa, wa suke nema. Nan na gane cewa kowannensu da irin mutumin da yake so. Na PTDF, asusun gwamnatin Najeriya na bunƙasa fasahar man fetur, na masu harkar man fetur da makamashi ne, ba ni ciki. Na TETFund, shi ma asusun gwamnatin Najeriya, na malaman manyan makarantu ne. Gwamnatin Turkiyya tana buɗe nata a farkon shekara, mai neman digiri na biyu kada ya kai shekara 30, kuma sai ya yi shekara guda yana koyon Turkanci. Erasmus Mundus na Tarayyar Turai yana kai ɗalibi aƙalla ƙasashe biyu. A Amurka yawanci masu digiri na uku ake ɗauka wa nauyi, su riƙa koyarwa ko taya farfesa bincike, ga kuɗin fom da ake biya da dala a kowace jami'a, don haka na ajiye ta gefe. Wanda ya yi daidai da ni shi ne wani shiri na hukumar DAAD ta Jamus mai suna EPOS, na ma'aikata daga ƙasashe masu tasowa waɗanda suka yi aƙalla shekara biyu suna aiki bayan digiri. Shekarun da na yi ina bin manoma gona-gona da babur, waɗanda nake gani kamar ɓata lokaci ne kafin tafiya, ashe su ne jarina.

Sai maganar rubutun bayanin kai, wanda shi ne ya fi koya mini darasi. Na ɗauki sabon da na rubuta na kai wa wani tsohon malamina da ya duba aikina na ƙarshe a jami'a. Ya karanta sakin layi na farko, inda na ce tun ina yaro nake da burin ciyar da Afirka gaba ta hanyar noma, sai ya ajiye takardar.

"Ɗana, mutum nawa kake jin sun rubuta wannan maganar bana?"

Na ce, "Da yawa, ranka ya daɗe."

"To, me ka gani da idonka wanda su ba su gani ba?"

Na fara ba shi labarin 2016, lokacin da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Ina ɗalibi a lokacin, na ga gonar kawuna ta ƙone kamar an bi ta da wuta. Daga nan na gangaro kan abin da nake gani kullum a wurin aiki: a shekarar da tumatir ya yi albarka ma manomi ba ya dariya, saboda kowa yana tsinka a lokaci ɗaya, farashi ya faɗi warwas. A jera kwandunan kaba wani kan wani a babbar mota, a kama hanyar kasuwar Mile 12 ta Legas, kafin a isa na ƙasa ya zama ruwa. Na gaya masa yadda muka shawo kan wata ƙungiyar manoma ta gwada akwatunan roba, da gardamar da aka yi da dillalai waɗanda suka saba ciniki da kwando, da yadda tambayar wa zai biya kuɗin dawo da akwatunan daga kudu ta kusa rusa gwajin. Na yi kusan rabin sa'a ina magana. Malam ya ce, "Ga takardarka nan ka faɗe ta da baki. Je ka rubuta ta."

Mu a gida an hore mu da kunya, mutum ba ya cewa ni na yi kaza, sai dai mun yi, ko Allah ya sa an yi. Tarbiyya ce mai kyau, ba na fatan rabuwa da ita. Amma wanda ke zaune a Bon ko Landan da tarin takardu a gabansa bai san ka ba, ba kuma wanda zai je ya yi maka shaida. Sai na sama wa kaina hanya: in faɗi abin da na yi da adadinsa, manoma nawa, ƙauye nawa, kaka nawa, har da inda abin ya ƙi, in bar yabo ga masu rubuta mini takardar shaida. Sau tara na sake rubutun nan kafin Malam ya gyaɗa kai.

Sauran wahalar ta takardu ce. Cikakken sakamakon jarrabawata na jami'a sai da na yi tafiya uku, aka kwashe wata uku, kafin ya fito, har wani tallafi ya rufe ina jira. Da na nema tun ina bautar ƙasa, da hakan bai faru ba. Masu rubuta takardar shaida ma mutane ne masu hidimomi, sai na koyi sanar da su tun da saura wata biyu, in haɗa musu da tarihin aikina da bayanin shirin da nake nema. Jarrabawar Turanci ta IELTS ta cinye mini fiye da albashin wata, sakamakonta kuma shekara biyu yake aiki, saboda haka lokacin zama ma sai an yi masa lissafi. Wasu jami'o'in suna karɓar Turancin WAEC ko wasiƙar da ke nuna da Turanci aka koyar da mutum, amma sai an tambaye su kai tsaye, kada a dogara da jita-jitar zaurukan WhatsApp. A irin zaurukan nan ne wani ya ce in turo kuɗi, yana da hanya a ciki. Fom ɗin Chevening da na Turkiyya ko sisi ba a biya, kuma a duk waɗanda na sani da suka samu, babu wanda ya bi ta hannun dillali.

Wurare bakwai na nema a wannan karon. Huɗu suka ce a yi haƙuri, ɗaya bai amsa ba har yau, ɗaya ya sa ni a jerin masu jiran ko-ta-kwana. Duk wasiƙar haƙuri da ta zo sai na yini jikina a sanyaye, Inna ta ce, "Rabonka ba ya wuce ka," in tashi in koma kan na gaba. Na bakwai, wata jami'a a Jamus da ke cikin shirin EPOS, suka kira ni ganawa ta intanet. Na ari ofishin wani aboki mai wutar sola a cikin Kano don kada wuta ta yanke. Cikin minti ashirin da muka yi, fiye da rabi a kan akwatunan roba aka ƙare. Wata farfesa ta tambaye ni dalilin da ya sa dillalai suka ƙi su, na ba ta amsa kamar yadda zan ba wani a kasuwar Kwanar Gafan.

Wasiƙar tallafin ta zo da alawus na wata-wata, da inshorar lafiya, da kuɗin jirgi, da darasin Jamusanci kafin a fara karatu. Ita ce kuma ta tsaya mini a ofishin jakadanci a madadin asusun da ake sa ɗalibi mai biya wa kansa ya zuba kuɗin zaman shekara guda, wanda ya kai Yuro 11,904 daga Satumbar 2024. Wannan karon ban gaya wa kowa ba sai da na karanta kowane shafi sau biyu, sannan na sami Baba a zaure na karanta masa, ina fassarawa. Tambaya ɗaya ya yi: "Mu nawa za mu biya?" Na ce babu. Ya ɗaga hannu ya yi hamdala.

Gonar bakin rafi tana nan, bana albasa aka sa mata. Binciken da zan kammala digirin da shi a kan asarar tumatir ne tsakanin gona da kasuwa, kuma malamar da ke duba aikin ta amince in tattara bayanai a gida. Idan Allah ya kai mu lokacin tsinka, zan sauka Kadawa da sikeli da littafi, in auna kwando a bakin gona, in bi motar har Legas in sake auna shi.