Daga Filadelfiya Zuwa Washington: Na Ga Inda Aka Ƙulla Tsarin Mulkin Amurka

Bikin kammala sakandare na 'yar yayana ne ya kai ni Filadelfiya, a jihar Fensilfeniya ta Amurka. Da aka gama hidima, baƙi suka watse, sai na ce mata akwai inda nake so ta raka ni. Tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko da Najeriya ta ɗauka a 1979 daga Amurka aka aro shi, ga ni kuma a garin da aka rubuta na asalin. Bai kamata in koma gida ban leƙa ba.

Ginin yana kan titin Chestnut, ana kiransa Independence Hall. Jan bulo ne, hawa biyu, da farar hasumiyar agogo a kansa. Sai an caje mutum yake shiga, rukuni-rukuni, tare da jami'i mai malafa da ke yin bayani. Ɗakin taron ba wani makeke ba ne. Teburori ne da aka lulluɓe da koren yadi, da kujerun katako, da alƙaluman gashin tsuntsu. A can gaba akwai wata doguwar kujera da aka sassaƙa rabin rana a samanta, wadda George Washington ya zauna a kai yana shugabantar taron 1787.

A nan aka amince da sanarwar da ta raba yankuna 13 da Ingila ranar 4 ga Yuli, 1776, wadda Thomas Jefferson ya rubuta yana ɗan shekara 33. Bayan shekara 11 aka sake komawa ɗakin, inda aka rubuta kundin tsarin mulki, domin gwamnatin tarayyar da suka fara kafawa ba ta da ikon karɓar haraji, sai dai ta roƙi jihohi, su kuma su ba ta ko su hana. Wakilai 55 daga jihohi 12 suka halarta, Rhode Island ta ƙi turo kowa. Daga 25 ga Mayu zuwa 17 ga Satumba suna ciki, tagogi a rufe don kada maganarsu ta fita. Ni ma a watan Yuni na je, zufa kamar ta tsiyaye mutum, sai na riƙa tunanin yadda suka jure cikin kwat da gashin kanti.

Abin da ya fi kama ni shi ne yawan jayayyar da aka sha. Manyan jihohi irin su Birjiniya sun ce a raba kujerun majalisa gwargwadon yawan jama'a, ƙanana irin su Delaware suka ce faufau, kowace jiha daidai da 'yar'uwarta. Taron ya kusa watsewa kafin a yi sulhu a kan majalisa biyu: ta wakilai bisa yawan mutane, ta dattawa kuma sanata biyu daga kowace jiha. Shi ya sa har gobe Delaware mai mutum kusan miliyan 1 take da sanatoci daidai da Kalifoniya mai kusan miliyan 39.

Mutanen nan ba su gama yarda da junansu ba, balle wanda zai hau mulki bayansu, kuma ina ganin wannan rashin yardar ne ya ba aikinsu ƙarfi. Shugaba na iya hawa kujerar na-ƙi a kan doka, amma majalisun biyu za su iya murƙushe ƙin nasa da kashi biyu bisa uku na ƙuri'u. Shi ke zaɓo alƙalai, amma sai dattawa sun tantance. Ko dala ɗaya ba ta fita daga baitulmali sai doka ta ware ta. In ya ƙetare iyaka, a tsige shi. An ƙulla takardar ne yadda ake ƙulla ciniki a kara, wannan ya taya, wancan ya ce albarka, har aka sallama.

Sai dai cikin abin da aka yi cinikin har da mutane.

Muna fitowa 'yar tawa ta ce, "Baffa, kafin mu shiga layin ƙararrawa zo ka ga wani wuri." Taku kaɗan daga inda ake nuna shahararriyar ƙararrawar 'yancin Amurka mai tsaga, wato Liberty Bell, akwai kufan gidan da Washington ya zauna yana shugaban ƙasa, lokacin Filadelfiya ce hedikwata. A jikin bango an sassaƙa sunayen bayi tara da suka yi masa bauta a gidan. Dokar Fensilfeniya ta 1780 ta ce bawan da aka shigo da shi jihar ya yi wata shida a jere zai iya samun 'yanci, don haka ake fita da su kafin wa'adin ya cika, a sake dawo da su. Ta ɗora yatsa a kan suna ɗaya, Ona Judge, ta ce, "Baffa, wannan ta gudu a 1796, su Washington suna tsakar cin abinci." Jirgin ruwa ta shiga zuwa New Hampshire. Washington ya sa a nemo ta, ba ta dawo ba.

Kundin da aka rubuta a wancan ɗakin ya ce wajen rabon kujeru a lissafa bayi biyar a matsayin mutum uku, abin da ya ƙara wa masu bayi ƙarfi a majalisa. Ya hana majalisa dakatar da shigo da bayi daga waje kafin 1808. Ya kuma ce wanda ya gudu zuwa wata jiha a mayar da shi ga ubangidansa. A matsayina na ɗan Afirka ta Yamma, inda aka kwashe kakannin da yawa daga cikinsu, abin ya tsaya min a rai ƙwarai.

Daga nan muka hau jirgin ƙasa zuwa Washington, tafiyar kimanin awa biyu. Ainihin takardun suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa tun 1952, a wani zaure mai ƙubba da aka rage wa haske don kada tawada ta ƙara dusashewa. Sanarwar 'yancin ta koɗe sosai, da ƙyar na gane sa hannun John Hancock, shugaban majalisar da ta amince da ita. Shi kuwa kundin, fata huɗu ce kacal, rubutun na fita tsaf. Wani magatakarda, Jacob Shallus, ya rubuta shi da hannu a kan dala 30.

Mutum 39 ne suka sa hannu. Cikin ukun da suka ƙi a ranar ƙarshe akwai George Mason, wanda babban ƙorafinsa shi ne ba a lissafa haƙƙoƙin ɗan ƙasa ba. Ƙorafin bai faɗi ƙasa banza ba, domin ga takarda ta uku nan a gefe: gyare-gyaren da James Madison ya tura ta majalisa a 1789. Guda 12 ne a jikin fatar, 10 suka zama doka ranar 15 ga Disamba, 1791, ciki har da 'yancin addini, na magana da na jarida. Ɗaya daga biyun da suka rage, kan albashin 'yan majalisa, sai a 1992 ya samu shiga.

Sashe na biyar na kundin ya bar ƙofar gyara, amma ƙunƙuntacciya: kashi biyu bisa uku na majalisun biyu, sannan kashi uku bisa huɗu na jihohi. Sau 27 kawai aka bi ta cikinta. Mata ba su samu tabbacin jefa ƙuri'a a duk ƙasar ba sai 1920. Bauta kuwa ba ta fita da lalama ba, sai da aka gwabza yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865, mutum sama da 600,000 suka mutu, sannan gyara na 13 ya haramta ta a 1865. Ona Judge ba ta ga wannan ba. Ta rasu a New Hampshire a 1848, kuma har ranar da ta bar duniya dokar tarayya tana lissafa ta a matsayin baiwar da ta gudu.