Yadda na rabu da ciwon hanta nau'in C cikin mako 12

Jini na je bayarwa, aka ce nawa ba zai karɓu ba. Gwajin farko ya nuna jikina ya taɓa gamuwa da ƙwayar cutar hanta nau'in C. Na biyu, mai ƙirga ƙwayar cutar kanta a cikin jini, ya tabbatar tana nan daram. Ni kuwa garau nake jin kaina. Ashe haka take, sai ta yi shekaru tana cin hanta a ɓoye.

Da dare na shiga intanet, na gamu da abin da ya hana ni barci. Maganin cutar, sofosbuvir, wanda kamfanin Gilead ke riƙe da haƙƙin mallakarsa, ya fito a Amurka a ƙarshen 2013 da sunan Sovaldi, a kan dala 84,000 na mako 12. Ƙwaya ɗaya dala 1,000 ke nan!

Washegari na ce, "Likita, wannan ai ba na irinmu ba ne." Ta yi murmushi, ta ce labarina ya tsufa. Tun 2014 Gilead ya ba wasu kamfanonin Indiya lasisin haɗa maganin domin ƙasashe 91. A 2015 aka yi makamancin haka da daclatasvir, maganin da ake sha tare da shi. Masar ma ƙin amincewa ta yi da haƙƙin mallakar sofosbuvir, kamfanoninta suka riƙa haɗa shi da araha. Na daɗe ina ɗaukar mai araha a matsayin jabu, alhali sinadarin ɗaya ne, sunan kwali ne ya bambanta. Jabun gaske shi ne wanda na kusa saya a hannun wani da ba shi da rajista.

Kafin in fara, ta sa aka gwada ni ciwon hanta nau'in B, don idan yana kwance a jiki yana iya farfaɗowa a lokacin shan maganin. Ta kuma bi duk magungunan da nake sha ɗaya bayan ɗaya, domin irin su rifampicin, maganin tarin fuka, na kashe masa ƙarfi.

Ƙwaya biyu kullum, sofosbuvir da daclatasvir, ba fashi. Ɗan ciwon kai da kasala kawai na ji. Waɗanda suka riga mu allurar interferon suka sha har mako 48, kuma ba kowa ta warkar ba.

Bayan ƙwayar ƙarshe, sai da na jira wasu mako 12 kafin gwajin da ke yanke hukunci. Ba a ga komai ba. Gwajin farkon nan kuwa har gobe yana nuna alamar, saboda haka jinina dai har yanzu ba ya karɓuwa.