Iskar yamma a tudun Ohayo

Masu cewa wahalar farautar sanɗa a ƙafa take, ina jin ba su taɓa yin ta a farkon kaka ba. A Asabar ta ƙarshen Satumba ake buɗe farautar barewa da baka a jihar Ohayo ta Amurka, lokacin ganye bai bushe ba, ƙasa da laima, ƙarar kurege ma ta isa ta rufe takunka. Taku uku, ka tsaya, ka duba. Wannan kowa ya iya. Abin da har yau yake ci mini rai iska ce.

Gandun dajin Wayne na jihar, inda na je farauta, ƙasar tudu da kwari ce. Na tarar da fararen bishiyoyin ok suna zubar da 'ya'ya, waɗanda barewa ta fi so don ba su da bauri kamar na jajayen. Ga sabon kashi, ga sawu ko'ina. Waya ta ce iska daga yamma take, kuma gaskiyarta, tun la'asar a fuskata take bugawa. Na bi ta saman tudu ina leƙen gangare.

Da rana ta faɗa bayan tudu, kwarin ya shiga inuwa, sai na ji sanyi a ƙeyata. Shi ke nan. Iskar da ta huce ta fara gangarawa, ta kwashi warina ta kai ƙasa. Ashe wani ƙaton namijin barewa na kwance cikin ganye, bai kai yadi arba'in ba. Ya miƙe, ya buga ƙafa, ya yi huci, ya ɗaga farar wutsiyarsa. Ko baka ban ja ba. Yini guda ina lallaɓawa, iska ta rusa shi kafin in ƙifta ido!

Hasashen iska na waya na sararin sama ne, kwari kuwa da tasa dokar. Da safe in rana ta ɗumama gangare iska hawa take, da yamma ta sauko. Don haka da hantsi ka kasance sama da inda kake zaton barewa na kwance, da yamma ka faro daga ƙasa. Mafarautan nan suna yawo da audugar wani tsiro ɗan'uwan tumfafiya, ka saki ƙwaya ɗaya ka ga inda ta nufa har nesa. Ta fi hodar gwajin iska, wadda take ɓacewa a gaban hancinka. Kuma ka bar neman barewa sukutum a cikin wannan duhuwar, nemi kunne ko motsin wutsiya. Kaska ma tana nan, ka cusa wando cikin safa.

Da na koma, ta ƙasan kwarin na shiga, iska na sauko mini a fuska. Wata mace ta fito cin 'ya'yan ok a yadi ashirin, na yi bisimilla na saki kibiya, alhamdulillahi ba ta yi nisa ba. Namijin nan dai ban sake ganinsa ba har aka rufe farauta.